Yawon garuruwan bakin teku a bas da kuɗi kaɗan, waɗanda suka taɓa yi ku ba ni shawara

Sabon_Matafiyi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa irin wannan tafiyar. Na daɗe ina tara ɗan abin da ya samu saboda burin da nake da shi na in bi gaɓar teku gari bayan gari a mota, ba wai in hau jirgi in dira babban birni in kwanta a otal in juyo ba, a'a, so nake in ga ƙananan garuruwan nan na masunta, in kwana nan gobe in tashi in kwana can. To yanzu hutu ya matso kuma gaskiya kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, in na cire na jirgi da na biza abin da zai rage sai an bi shi da lissafi sosai.

Wurare biyu nake dubawa, Maroko ta gefen Atlantika wato daga Tanja a gangaro har Agadir, ko kuma kudancin Turkiyya daga Antalya zuwa Fethiye. Ban tsayar da ɗaya ba tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne ban san yadda ake tsara motar ba, shin tikiti ɗaya zan yanka tun daga farko har ƙarshe in riƙa sauka ina hawa, ko kuwa kowane gari in na isa sai in nemi motar gaba? Sannan wani abokina ya ce in riƙa bin motar dare don in huta da biyan kuɗin ɗaki, ni kuma ina ganin in dai dare ne ai ba abin da zan gani, to meye amfanin zuwan. Ga kuma maganar masauki, in kama tun daga gida ta intanet ko in bari sai na je? Kuma ina da matsalar hajijiya da tashin zuciya in hanya ta cika kwana-kwana, an ce min hanyoyin bakin teku haka suke.

Duk wanda ya san wani abu ko kaɗan ne ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Dan_Hanya:

Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa ka yi tunani mai kyau, kuma tafiyar tana yiwuwa da kuɗi kaɗan wallahi, sai dai ka san inda kuɗin yake zurarewa. Ba kuɗin bas ne yake cinye aljihu ba, shi wannan sananne ne, a rubuce yake a jikin tikiti. Abin da yake cinyewa shi ne tazarar da ke tsakanin inda bas ya ajiye ka da inda za ka kwanta. Dalili kuwa manyan hanyoyi ba kasafai ake shimfiɗa su a bakin ruwa ba, sukan bi ta can ciki inda ƙasa ta fi daidai babu duwatsu da bakin kogi, sai a fitar da 'yar ƙaramar hanya ta gangara zuwa garin, to babbar mota ba za ta gangara saboda kai kaɗai ba, a mararraba za ta ajiye ka ta wuce, kana tsaye da jaka sai ga mai tasi ya zo ya faɗi kuɗin da ya ga dama tunda ya san ba ka da zaɓi. Wani lokacin wannan 'yar gangarar ta fi tikitin tafiyar awa uku tsada.

Bari in yi maka maganar Maroko don ita na sani. Daga Tanja zuwa Rabat da Kasablanka akwai jirgin ƙasa, har da mai saurin nan Al Boraq da aka buɗe a 2018, kuma jirgi na zuwa El Jadida, to a wannan yankin kada ka nace sai bas, duba duka biyun ka ɗauki wanda ya fi maka. Amma Essaouira da Agadir babu layin dogo, dole mota. Kamfanoni biyu da aka fi sani su ne CTM da Supratours, shi Supratours na hukumar jirgin ƙasa ne shi ya sa motocinsa ke ɗaukar fasinja daga inda jirgi ya tsaya kamar Marrakesh. Su waɗannan suna tashi a kan lokaci, kujerarka da lamba, kuma sau da yawa tasharsu daban take da babbar tashar gari, to ka tambaya tun da wuri kada ka je can kana jira mota tana tashi a wani wajen. Kayan da za a sa a but ana biya musu daban a ba ka 'yar takarda, ka adana ta don da ita za ka karɓi jakarka, kuma ka je da wuri saboda layin kayan daban ne da na tikiti. Sai kuma sauran motocin babbar tasha, sun fi araha, suna tsaye-tsaye a hanya suna ɗauka suna saukewa, suna da jinkiri amma su ne suke shiga ƙananan wuraren da manyan ba sa kulawa.

Misalin abin da nake gaya maka na mararraba: motoci da yawa da za ka ji ana kiran Agadir Agadir, a Inezgane suke ƙarewa, wani gari ne a kudu da Agadir ɗin, fiye da kilomita 10 tsakaninsu, nan ne cibiyar motocin yankin. In ba ka sani ba sai ka sauka kana neman teku ba ka ga komai ba sai hayaniyar tasha. Ba matsala ba ce in ka shirya, akwai motocin gari da tasin haɗaka da ke shiga Agadir, amma in ka isa tsakar dare ka ga labari ya canza. Haka Imsouane, tsakanin Essaouira da Agadir, ba a kan babbar hanya take ba, sai an ratse an gangara.

Tasin haɗakar nan su za ka riƙe sosai tsakanin ƙananan garuruwa, mutum shida suke ɗauka kuma ba sa tashi sai sun cika. Da safe nan da nan suke cika, da yamma kuwa za ka iya shafe awa kana zaune, direba ya fara ce maka ka biya kujerun da suka rage a tafi. Kafin ka shiga ka tabbatar ya gane kuɗin kujera ɗaya kake nufi ba shata ba, ka ɗaga yatsa ɗaya ka nuna masa, kuma ka lura da abin da na kusa da kai ya miƙa.

Maganar tikiti ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ni ban ba ka shawara ba. Yanki-yanki za ka riƙa yanka. Da ka sauka a gari, kafin ma ka bar tashar, je ka taga ka tambayi motar garin gaba, ƙarfe nawa ta farko ƙarfe nawa ta ƙarshe, ka ɗauki hoton allon da wayarka, in lokacin cunkoso ne ka yanki tikitin a take. Sannan ka rage yawan garuruwan da ka lissafa. Na san zuciya tana son ta ga ko'ina amma duk tashi ɗaya kuɗi ne, na mota da na kaya da na tasi sau biyu, ga rabin yini ya tafi. Gara ka zauna a gari ɗaya 'yan kwanaki ka riƙa fita maƙwabtansa da safe kana dawowa da yamma babu kaya a bayanka, kuma mai masauki yana sassauta maka in ya ji ba kwana ɗaya za ka yi ba.

Baban_Tafiya:

Dan_Hanya ya gama magana, amma ni a kan motar dare ina tare da abokinka. Kuɗin ɗaki shi ne kaso mafi girma a irin wannan tafiyar, duk daren da ka kwana a kujera ka tsira da shi. Kuma ai ba duk hanyar ce abin kallo ba malam, akwai inda za ka yi awa da awa ba ka ga ko ɗigon ruwa ba sai gonaki da gidajen mai, to wannan meye na ɓata yini a kansa? Ka yi barcinka ka farka a sabon gari. Illa dai ka tafi da rigar sanyi ko bargo mara nauyi don na'urar sanyin motocin nan da dare ba sauƙi, kuma fasfo da kuɗi da waya su kasance a jikinka a 'yar jakar da ka rataya ta cikin riga, ba a but ba, ba kuma a saman kai ba. In an tsaya hutu ka sauka, ka haddace lambar motar ko ka ɗauke ta hoto, don a wajen hutun za ka tarar da motoci iri ɗaya launi ɗaya jere, ga barci a ido.

Uwar_Biyu:

Sallama gare ku. Ƙanina ni ta Turkiyya zan yi maka bayani tunda hanyar da ka ambata na bi ta da maigidana, kuma zan ɗan saɓa wa Baban_Tafiya, ya yi haƙuri. Motar dare tana da amfani in tafiyar doguwa ce sosai, kamar daga Istanbul zuwa Antalya, nan kam na yarda ɗari bisa ɗari. Amma tsakanin garuruwan bakin teku tazarar gajera ce, awa ɗaya awa biyu, ina daren da za ka kwana a ciki? In ma ka samu wadda ta ratsa ta wajen da dare to ƙarfe uku ko huɗu na asuba za ta ajiye ka, ƙananan motoci ba su fara aiki ba, ɗaki kuma ba za a ba ka ba sai wajen azahar, ka ga ko dai ka biya tasi mai tsada ko ka zauna a benci har gari ya waye, ranar kuma gaba ɗaya a gajiye za ka yi ta. Abin da aka ce an tsira da shi ya koma ta wata ƙofar.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Daga Antalya zuwa Fethiye hanya biyu ce. Akwai ta cikin tsaunuka da ke bi ta Korkuteli, ita ce gajera, manyan motoci da yawa ita suke bi, ba za ka ga teku ba sam. Sai ta bakin ruwa, D400, wadda ke bi ta Kemer, Kumluca, Finike, Demre, Kaş, Kalkan sannan Fethiye, tana cin lokaci kusan ninki biyu amma ita ce dalilin zuwanka. To in ka je taga ka ce Fethiye kawai, mai tikiti zai ɗauka sauri kake ya ba ka ta tsauni. Ka ce masa wadda ke bi ta Kaş kake so. Wannan darasin ba na Turkiyya kaɗai ba ne, ko'ina ka je ka tambayi ta ina motar ke bi, ba ina za ta kawai ba.

Kujera ma ka zaɓa da hankali. In daga Antalya ka nufi Fethiye yamma ka dosa, teku na hannun hagunka, to ka nemi tagar hagu. A Maroko in kana gangarawa kudu teku na dama. Ka buɗe taswira kafin ka yanki tikiti ka ga gefen da ruwan zai faɗo, abu ne ƙarami amma wanda ya zauna ɗaya gefen bangon dutse zai yi ta kallo har a isa. Tsakanin Finike da Demre da kuma tsakanin Kaş da Kalkan hanyar a jikin dutse aka sassaƙa ta, ruwan na can ƙasa shuɗi shar har kana hango duwatsun cikinsa, mota na shan kwana kana jin kamar da ka miƙa hannu za ka taɓa shi. A nan ne Kaputaş take, wani ɗan bakin ruwa a tsakanin duwatsu biyu da ake sauka ta matakala mai tsawo daga bakin titi, ƙananan motocin Kaş da Kalkan suna tsayawa a wajen, ba sai ka biya kuɗin yawon rukuni ba.

Ƙananan motocin nan, dolmuş, su ne abokan mai ƙaramin aljihu, sunan garin da za su yana rubuce a gilashin gaba, ka tsayar ka hau ka sauka inda kake so. Olympos da Çıralı, ƙauyuka biyu na bakin ruwa tsakanin Kemer da Kumluca, irin abin da Dan_Hanya ya faɗa ne sak, babbar hanya na can sama, a mararraba ake sauke ka sai ka jira ƙaramar mota ta gangara da kai, shi ya sa kada ka kuskura ka isa can bayan magariba. A Antalya kuma babbar tashar tana wajen tsakiyar gari amma akwai taragon lantarki da ke haɗa su, kada ka bari a ja ka zuwa tasi.

Hajijiyarka kuwa, ni ma ɗiyata haka take. Kujerun gaba za ka nema, kada ka yarda da na can baya a kan taya, ka ajiye waya ka daina karatu, idonka a kan hanya can nesa. Abin da ke kawo ta shi ne kunnen ciki yana jin jiki na juyawa ido kuma yana kan abin da ba ya motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Kada ka cika ciki kafin tashi kuma kada ka hau da yunwa, ka riƙe leda da ruwa kusa. Akwai magungunan da ake sha kafin a hau mota, ka tambayi likita ko mai kemis tun kana gida, ka sani dai wasunsu suna sa barci sosai.

Sabon_Matafiyi:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai, Hajiya Allah ya raya zuri'a, wannan maganar hanya biyun da ban ji ta ba da shikenan. Yaya Dan_Hanya na ɗauki shawarar rage garuruwa, na riga na soke kusan rabi a takardata. Saura maganar masauki ba wanda ya taɓo sosai, in kama duka tun yanzu ko in bari? Sannan wane wata ya fi, don ina da damar matsar da hutun gaba kaɗan in ya kama.

Mai_Lura:

In kana da damar matsar da hutu to ka riga ka samu rabin sauƙin. Garuruwan bakin teku da lokaci suke rayuwa. Yuli da Agusta kowa ya kwararo, 'yan ƙasa da baƙi, ɗaki ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, motoci a cike, kudancin Turkiyya ga zafi mai tsanani. A Maroko ma Agusta haka ne don lokacin ne 'yan ƙasar da ke zaune Turai suke dawowa hutu, Essaouira kuma tana da bikin kiɗan Gnawa da akan yi wajen watan Yuni, a makon nan samun gado sai wanda ya kama da wuri. Amma kuma kada ka ce bari ka je tsakiyar hunturu don araha, a ƙananan garuruwan kudancin Turkiyya masaukai da yawa rufewa suke daga wajen Nuwamba sai bazara ta dawo, motocin ma a rage su, wadda ke zuwa duk bayan rabin awa ta koma sau kaɗan a yini, ka ga arahar ɗakin ta tafi a kuɗin tasi. Ni a ganina Afrilu zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne daidai, komai a buɗe kuma ba turmutsitsi. Jadawalin da ka gani a intanet ma ka duba na wane lokaci ne, sau da yawa na lokacin cunkoso ne aka bari a shafin, kuma ranar hutun mako motoci kan ragu.

Masauki kuwa, daren farko da na ƙarshe ka kama tun daga gida, dama a filin jirgi ana iya tambayarka adireshin inda za ka sauka. Na tsakiya ka riƙa kamawa kwana ɗaya ko biyu kafin ka isa, wanda ake iya sokewa ba tare da an cire maka komai ba, don wani garin za ka je ka ji ba ka son tashi wani kuma yini ɗaya ya ishe ka. Kada ka nemi ɗakin da tagarsa ke kallon ruwa, kuɗin kallon kake biya, ka koma layi biyu ko uku baya farashi ya sauko kuma tekun na nan tafiyar minti biyar a ƙafa. Ka auna nisan masaukin da tasha a taswira kafin ka biya, ka kuma duba ko hawa ne, don garuruwa irin Kaş da Kalkan a jikin tudu suke, abin da taswira ta nuna kusa sai ka tarar matakala ce tun daga ƙasa har sama. Shi ya sa jakar goyo ta fi akwati mai taya. In ka samu inda akwai kicin na haɗaka ka riƙa sayayya a kasuwar da 'yan gari ke zuwa kana dafawa, gidajen abincin da ke jere a bakin ruwa na baƙi ne.

Wani abin da hanyoyinka biyu suka huta da shi shi ne boda, kowacce a cikin ƙasa ɗaya take daga farko har ƙarshe. Wasu gaɓoɓin ba haka ba ne, a Kuroshiya kafin a buɗe gadar Pelješac a 2022 duk motar da ta taso daga Split zuwa Dubrovnik sai ta ratsa Neum, wani ɗan yanki na Bosniya, a duba fasfo a shiga a kuma duba a fita. In wata rana ka faɗaɗa tafiyar zuwa wani wajen ka tabbatar bizarka ta yarda da fita da sake shiga.

Sai abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kai ba, ruwan kansa. Atlantika ba wasa ba ne, a gaɓar Maroko ruwan da sanyi yake ko da rani kuma igiyarsa da ƙarfi, akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu ta wata 'yar siririyar hanya, daga waje sai ka ga wajen ya fi ko'ina lafawa alhali shi ne mafi haɗari. In ba ka iya iyo sosai ba kada ka wuce gwiwa, ka shiga inda akwai masu ceto kawai, jan tuta kuma yana nufin kar a shiga. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe daidai da gaɓa har ya fita daga jan. Kuma a Atlantika ruwa na cika ya janye kusan sau biyu a yini, lokacin yana matsawa da kamar minti 50 kullum, wajen da ka taka a bushe da safe ka zagaya bayan dutse kana iya dawowa ka tarar ruwa ya rufe hanyar. A Bahar Rum, wato tekun kudancin Turkiyya, wannan cika da janyewar kaɗan ce, amma can ma duwatsu na da santsi.

Dan_Hanya:

Mai_Lura ya cike abin da na bari. Ƙari kaɗan, ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana a aljihun da ke kusa, don ƙananan motoci da tasin haɗaka ba ruwansu da kati kuma ba su cika samun canjin babbar takarda ba, ƙaramin gari kuma kana iya tarar da na'urar cirar kuɗi ɗaya tak ta lalace, to ka cira tun a babban gari. Ka sauke taswirar yankin a waya yadda za ta yi aiki ko babu sabis, ka rubuta sunan masaukinka a takarda da rubutun ƙasar don nuna wa direba. Kuma kullum ka ɗauki motar da ke kafin ta ƙarshe a matsayin ita ce ta ƙarshe, in ta wuce ka kana da sauran ɗaya.

In ka tambaye ni wanne za ka zaɓa, tunda kallon ruwa daga tagar mota ne burinka kuma wannan ne karonka na farko, Antalya zuwa Fethiye ta fi dacewa da kai, gajera ce kuma garuruwan kusa da juna suke. Hanyar Maroko doguwa ce, wurare da yawa tana barin teku ta shiga ciki, ko tsakanin Essaouira da Agadir sai an kusa Tamri da Taghazout take komawa bakin ruwa sosai. Sai dai ta Turkiyyar ta fi kwana-kwana, ka yi maganar maganin hajijiyar da likita kafin ka tashi. In ka tsayar da watan ka dawo nan ka rubuto jerin garuruwan da suka rage a takardar taka mu duba maka inda ya kamata ka yi zango.